Kiwon kifi a cikin teku: yadda gwamnatin Norwe ke riƙe da akalar masu jari

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025, wani babban kamfanin kiwon kifi mai suna Mowi ya yi shela a arewacin ƙasar Norwe cewa duk masuncin da ya kamo masa ɗaya daga cikin kifayensa da suka tsere zai samu tukuicin kurona 500, wato wajen jika 28 na kuɗin sefa a kan kowane kifi. Guguwa ce ta lalata ɗaya daga cikin kejunan kamfanin, kifi kimanin 27,000 suka fantsama cikin teku. Ba tsananin son dukiya kaɗai ya sa kamfanin wannan rawar jiki ba. Dokar ƙasar ce ta wajabta wa duk mai kiwo ya sanar da hukuma nan take idan kifinsa ya kuɓuce, ya kuma bi sawunsa, domin kifin gida idan ya shiga kogi yakan yi barbara da na daji ya gurɓata iri.

Kifin da ake magana a kansa shi ne somon, wanda masu jin Ingilishi ke kira salmon, mai jan nama da tsada, abincin manyan otel na Turai da Amurka da Japan. A shekarar 2023 Norwe ta sayar wa ƙasashen waje ton miliyan 1.2 na wannan kifi a kan kurona miliyar 122.5, abin da ya kai kusan miliyar 7,000 na sefa. Wannan kuɗi ya ninka kasafin kuɗin waccan shekara da majalisar dokokin Nijar ta amince da shi har sau biyu da ɗoriya. Ƙasar ce ke fitar da kusan rabin somon ɗin kiwo na duniya baki ɗaya. Hukumar FAO kuwa ta bayyana cewa a shekarar 2022, karo na farko a tarihi, kifin da aka yi kiwo a duniya ya ɗara wanda aka kama yawa: ton miliyan 94 da ɗoriya a kan ton miliyan 91. Ke nan maganar wa ke da ikon tsara wannan kiwo ta wuce maganar Turawa su kaɗai.

Ruwan na al'umma ne

Sana'ar ba ta daɗe ba. A shekarar 1970 ne wasu ƴan'uwa guda biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba ƴaƴan somon 20,000 cikin keji mai yawo bisa ruwa a gefen tsibirin Hitra, shekara na zagayowa suka fara sayarwa da riba. Kafin a ce kwabo, masunta da manoma na bakin gaɓa sun rungumi abin. Gwamnati ba ta yi sanya ba: a 1973 ta kafa dokar wucin gadi wadda ta ce ba mai kafa keji a cikin teku sai da takardar izini.

Tushen dokar abu ne mai sauƙin fahimta ga duk wanda ya san sha'anin burtali da mashaya. Keji na mai shi ne, kifin da ke ciki ma nasa ne, amma ruwan da ke ratsa kejin na al'umma ne, kuma duk ƙazantar da ta fita daga ciki a kan al'umma take sauka. Saboda haka hukuma ce ke faɗin wanda zai yi kiwo, da inda zai yi, da yawan abin da zai zuba.

Da fari manufar magabatan ƙasar ita ce a watsa sana'ar cikin ƙauyukan bakin teku, kada wasu ƴan tsiraru su haɗiye ta. Ba a yarda mutum ɗaya ya mallaki rinjaye a cikin gonar kifi fiye da ɗaya ba. Wannan tsari ya rushe a 1991, shekarar da kifi ya yi kwantai, farashi ya faɗi, Amurka ta ɗora wa somon ɗin Norwe kuɗin fito mai nauyi bisa zargin karya farashi, ƙungiyar da ke sayar wa masu kiwo kayansu ta karye, masu ƙaramin jari da dama suka bi ta. Aka sassauta dokar mallaka, manya suka saye ƙanana. Yau ƴan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da mafi yawan takardun.

Dokar da ake aiki da ita an kafa ta a 2005. Takardar izini ɗaya ta asali tana ba mai ita damar ajiye kifi mai nauyin ton 780 a cikin ruwa a lokaci guda, ko ton 945 a can ƙuryar arewa inda sanyi ke hana kifi saurin girma. Keji ɗaya ba ya wuce kifi 200,000, kuma ba a zarce kilo 25 na kifi a cikin kowace kubik mita ta ruwa. Takardar kuwa ana sayar da ita, ana jinginar da ita a banki, kamar dai takardar fili a birni.

Kwarkwatar da ta gagari magani

A shekarun 1980 cututtuka ne suka addabi masu kiwo, har ta kai a 1987 an zuba kusan ton 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abincin kifi. Aka samo allurar riga-kafi, aka riƙa yi wa kowane ɗan kifi kafin a kai shi teku, amfani da magungunan ya ragu da kashi 99 cikin ɗari. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ita ce masu sana'ar ke yawan tinƙaho da ita. Sai dai akwai abokiyar gabar da allura ba ta kama ba, ita ce kwarkwatar kifi.

Wata ƴar mitsitsiyar halitta ce ta cikin ruwan gishiri, mai manne wa somon kamar yadda kaska ke manne wa saniya, tana cin fata da majina da jini. Tun fil azal tana nan a cikin teku, amma da can ba ta samun wurin zama da yawa, domin somon ɗin daji a warwatse yake. Yanzu kuwa ga ɗaruruwan miliyoyin kifi a tsare cikin kejuna rani da damina, sai ta samu gidan haihuwa. Ƙwayayenta na bin igiyar ruwa su fita ta ramukan raga.

Wanda ke shan wahalar shi ne somon ɗin daji. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, idan ya tasa sai ya gangara teku a lokacin bazarar Turai, ya yi shekara ɗaya zuwa uku ko fiye, sannan ya komo kogin da aka haife shi domin yin ƙwai. A kan hanyarsa ta fita, yana ɗan ƙarami bai fi tsawon tafin hannu ba, dole ya ratsa ta gaban kejunan. Kwarkwata ƴan kaɗan sun isa su kashe shi.

Hukuma ta fara da ƙayyade adadi. Kowane mai kiwo sai ya ƙirga kwarkwata a jikin kifinsa a kai a kai, ya aika wa hukumar kula da lafiyar abinci, kuma ana baje alƙaluman a intanet kowa ya gani, har da maƙwabcinsa da abokin hamayyarsa. Ba a yarda a wuce uwar kwarkwata ɗaya a kan kowane kifi biyu ba, a makonnin fitar ƴaƴan kifin daji kuwa ɗaya a kan kifi biyar. Wanda ya kasa, ana iya tilasta masa ya yanka kifinsa tun bai kai munzali ba.

Daga nan sai aka zo da tsarin da ya fi jan hankalin sauran ƙasashe. A watan Oktoba na 2017 aka raba gaɓar tekun ƙasar gida 13, aka ce bayan kowace shekara biyu za a ba kowane yanki launi irin na fitilar kan hanya. Masana ke ƙiyasta yawan ƴaƴan kifin daji da kwarkwata ke kashewa a yankin. Idan bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, yankin ya samu kore, ana iya ƙara yawan kiwo da kashi 6 cikin ɗari, kuma gwamnati ce ke sayar da wannan ƙarin, wani a kan tsayayyen farashi, wani a gwanjo. Tsakanin kashi 10 da 30, ruwan ɗorawa ke nan, kowa ya tsaya inda yake. Idan ya haura 30, ja ne, sai a zabge wa masu kiwon yankin kashi 6.

Abin lura a nan shi ne an cire maganar ƙarin izini daga hannun mai kamun ƙafa a ofishin minista, an ɗaure ta da ma'aunin da kowa ke iya dubawa. Amma tsarin na da nasa zaluncin, domin hukuncin na gayya ne: mai tsabtar keji da mai sakaci duk wuƙa ɗaya ke yanka su muddin suna yanki guda, in ban da ƴan kaɗan da suka cika wasu sharuɗɗa masu tsanani. Da aka fara zabgewar a 2020, masu kiwo na wani yanki a yammacin ƙasar sun kai gwamnati ƙara suna cewa lissafin masanan ba abin dogaro ba ne. Sun sha kaye a kotun farko, suka ɗaukaka ƙara, suka sake shan kaye.

Shin fitilar ta yi maganin abin? Alƙaluman ba su nuna haka ba. Da magunguna suka daina kama kwarkwata, sai masu kiwo suka koma tsoma kifi cikin ruwan ɗumi, ko wanke shi da ruwa mai ƙarfi da buroshi, ko zuba wasu ƙananan kifaye masu tsince kwarkwatar. Kifin da aka yi ta jansa cikin bututu ana wankewa yakan ji rauni, raunin ya zama gyambo a lokacin sanyi. Cibiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta ce a 2023 somon miliyan 62.8 ne suka mutu a cikin kejuna kafin ranar yanka, wato kusan ɗaya cikin shida. Makiyayin da ke rasa saniya ɗaya cikin shida duk shekara, da wuya a kira shi gwani. Doka ta matsa a kan ƙirgar kwarkwata, sai masu kiwo suka cika ƙirgar da rayukan kifinsu. Na dajin ma bai tsira ba: a 2021 aka sa shi cikin jerin halittun da ake fargabar makomarsu, a watan Yuni na 2024 kuma hukumar muhalli ta rufe koguna 33 ga masu kamun somon saboda ƙarancin kifin da ya komo. Ba kiwo kaɗai ke da laifi ba, canjin yanayin teku ma na da nasa kaso, amma masanan ƙasar na sa kwarkwata da kifin da ke tserewa a sahun gaba na barazanar da ɗan Adam ya haddasa. A watan Afrilu na 2025 gwamnati ta miƙa wa majalisa shawarar a sake lale, a riƙa auna kowane mai kiwo da yawan kwarkwatar da shi kansa ke saki, a kuma ɗora kuɗi a kan kifin da ya mutu.

Gudu zuwa tsakiyar teku

Da bakin gaɓa ya cika, sai idanu suka koma can nesa, inda ruwa ke da zurfi, igiya ke da ƙarfin wanke ƙazanta, kuma tazara ke tsakanin keji da bakin kogi. Matsalar ita ce kejin roba da aka saba da shi ba ya jure taguwar ruwa mai tsayin bene. Ana bukatar gini na ƙarfe irin na masu haƙar man fetur a teku, abin da Norwe ta ƙware a kai, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Domin ta zaburar da masu jari, daga ƙarshen 2015 zuwa ƙarshen 2017 gwamnati ta buɗe ƙofar wasu takardun izini na gwaji, kyauta, ga duk wanda ya kawo sabuwar dabara mai tsada. Wanda ya kammala gwajinsa yana iya mayar da takardar ta zama ta dindindin a kan kurona miliyan 10, alhali a gwanjo irinta ta ninka haka fiye da sau goma. An samu takardun nema 104. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane cewa wasu masu neman ba dabarar ce ta dame su ba, garaɓasar takardar suke hange.

Duk da haka an ga abubuwan mamaki. A 2017 kamfanin SalMar ya kawo wani keji mai suna Ocean Farm 1 daga birnin Qingdao na ƙasar Sin inda aka ƙera shi, mai faɗin mita 110 da tsayin mita 68, mai ɗaukar kifi fiye da miliyan ɗaya, aka girke shi a ruwan Frohavet. Shekara guda bayan haka ya karkace, kifi wajen 16,000 suka fice. A 2020 kamfanin Nordlaks ya kawo nasa mai siffar jirgin ruwa, tsawonsa mita 385, mai ɗaukar ton 10,000. Dukansu biyu a wuraren da iska ke kaɗawa suke, amma ba su yi nisa da tudu sosai ba.

Fita can tsakiya kuwa sai da sabuwar doka, domin tambayoyin da ke wurin daban ne. Wa ke da alhakin ran ma'aikacin da ke kwana bisa keji, dokar jirgin ruwa ko ta masana'anta? Yaya za a raba ruwa tsakanin mai kiwo da masunci da mai haƙar mai da sojan ruwa? Idan cuta ta ɓulla cikin kifi miliyan ɗaya ana tsakiyar guguwa, wane jirgi zai kwashe su? A watan Nuwamba na 2022 gwamnati ta ware wurare uku, Norskerenna ta kudu da Frøyabanken ta arewa da Trænabanken, ta ce a fara binciken abin da kiwo zai haifar a cikinsu kafin a ba kowa izini. Masu jari sun yi ta ƙorafin jan ƙafa. Amma ƙasar da ta ga abin da gaggawa ta jawo mata a bakin gaɓa tana da hujjar tafiya sannu.

Wasu ƙasashen ko nan ba su kawo ba. A Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2020 cewa hukumar kula da kamun kifi ba ta da ikon ba da izinin kiwo a tekun Meksiko, domin dokar da ta kafa ta kamu ta ambata, kiwo kuwa ba kamu ba ne. Kanada ta bi wata hanyar: a 2024 ta ba da sanarwar hana kiwon somon cikin buɗaɗɗen keji a gaɓar jihar British Columbia daga tsakiyar 2029.

Rabon gwamnati

Ranar 28 ga Satumba 2022, Faraminista Jonas Gahr Støre da ministan kuɗinsa Trygve Slagsvold Vedum suka ba da sanarwar sabon haraji na kashi 40 cikin ɗari a kan ribar kiwon kifi a teku, ban da kashi 22 da kowane kamfani ke biya. Hujjarsu ita ce ribar da ta wuce kima ba daga wayon masu jari kaɗai ta fito ba, daga ruwan al'umma ta fito, da kuma ƙarancin takardun da gwamnati da kanta ta ƙayyade, waɗanda aka ba da yawancin na farko kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Haka ƙasar ke yi wa man fetur, inda take karɓar kashi 78.

A ranar hannayen jarin kamfanonin suka rikito a kasuwar Oslo. Suka dakatar da gine-gine, suka yi barazanar sallamar ma'aikata, magadan garin bakin teku suka shiga tsaka mai wuya. Aka yi ta ciniki, daga 40 aka sauko 35, a ƙarshen watan Mayu na 2023 majalisa ta tsaya a kan 25, tare da yafe wa kowane kamfani kurona miliyan 70 na farkon ribarsa domin a sassauta wa ƙanana. Kowane ɓangare ya ce an cuce shi, sana'ar kuwa ba ta mutu ba. Wani kaso na kuɗin takardu da na harajin da ake karɓa a kan kowane kilo yana komawa kai tsaye ga ƙananan hukumomin da suka ba da ruwansu, ta hanyar wani asusu na musamman, abin da ya sa ƙauyen da ke jure warin sana'ar ke ganin makaranta da asibiti daga cikinta.

Inda dokar ta tsaya

Duk waɗannan dokoki a kan ruwan Norwe suke aiki. Somon kuwa kifi ne mai cin kifi, kuma abincinsa ba a Norwe ake samo shi ba: a 2020 kashi 92 cikin ɗari na kayan haɗin abincin daga waje aka shigo da su. Gaskiya ne an rage dogaro da kifin teku, domin a 1990 kusan kashi 90 na abincin garin kifi ne da man kifi, a 2020 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, saura waken soya ne na Barazil da alkama da man tsirrai. To amma yawan kifin da ake ciyarwa ya ninka sau da yawa a tsakanin, don haka bukatar ba ta gushe ba.

A nan ne maganar ta iso Afirka ta Yamma. Cikin shekarun 2010 masana'antun niƙa kifi sun yawaita a Nuwadibu ta Muritaniya, wasu kuma a Senegal da Gambiya. Abin da suke niƙawa shi ne ƙananan kifaye masu arha, musamman wanda Senegalawa ke kira yaboy, abincin talaka, wanda mata ke ƙyafewa su busar a garuruwa irin su Joal, fatake su loda shi zuwa Burkina Faso da sauran ƙasashen da ba su da teku. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da ton dubu 500 ake kwashewa duk shekara daga wannan gaɓa domin gari da mai, abin da a lissafinsu zai ciyar da mutum miliyan 33. Mafi yawan garin Sin da Turkiyya yake tafiya, man kuwa Turai, har da masu haɗa abincin somon na Norwe. Kamfanonin na cewa kason da suke saye daga yankin ɗan kaɗan ne a cikin haɗinsu. Mai yiwuwa haka ne a ma'auninsu, amma abin da yake ɗan kaɗan a rumbun attajiri shi ne tukunyar gida dubu. Macen da ke ƙyafe kifi ba ta iya yin tayi ɗaya da masana'anta a bakin kwalekwale, kuma idan kaya suka yi tsada a Joal, ɗan kasuwar da ke can cikin tudu shi ke biyan bambancin.

Fitilar nan mai launi uku ba ta auna wannan ɓarna, domin kifin kogunan Norwe kaɗai take ƙirgawa. Kare yaboy aikin gwamnatocin Muritaniya da Senegal da Gambiya ne, kifin kuwa yana yawo tsakanin ruwayensu ba tare da sanin iyaka ba, masana sun daɗe suna cewa an wuce kima wajen kama shi. A nata ɓangaren gwamnatin Norwe ta ɗauki alƙawarin cewa kafin 2034 duk abincin kifin kiwo zai fito daga tushen da ba ya ƙarewa, kuma kason da ake samarwa a cikin gida zai tashi daga kashi 8 zuwa kashi 25 cikin ɗari. Ko da an cika alƙawarin, kashi 75 daga ƙasashen wasu za a ci gaba da sayo shi.